Ɗan A-Mutun Shata Taska Ne, Mu Rubuta Shi Tun Yana Raye

 

Akwai wani irin mutum da kusan kowace unguwa a Daura take da shi, haka ma Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa. Wani tela ne, wani tsohon direba, wani mai gyaran rediyo, wani kuma malamin firamare da ya yi ritaya. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: tun suna samari suka kama Alhaji Mamman Shata suka riƙe, har yau da furfura ta cika musu kai ba su sake shi ba. An yi yayin waƙoƙin Indiya, an yi na disko, an yi na finafinan Hausa, ga na fiyano da situdiyo sun cika wayoyi, su dai suna nan inda aka bar su. Irinsu ne ake kira ɗan a-mutu, ko ɗan gani-kashe-ni. Yawancin matasa da tsokana suka san su. Da zarar dattijo ya kunna kalangu a shagonsa sai a fara murmushi ana cewa Baba ya koma 1970.

Ra'ayinmu a wannan mako shi ne, wannan dattijo da ake tsokana taska ce ta tarihi da harshe, kuma taskar tana ƙarewa a gaban idonmu. Duk wanda yake kiran kansa marubuci a ƙasar Daura yana da nauyin ya je ya zauna da shi, ya saurare shi, ya rubuta abin da ya sani, kuma ya rubuta shi da amana, ba tare da ya bari soyayyar dattijon ta ja alƙalaminsa zuwa ƙari ba.

Me ya sa muka ce ƙasar Daura musamman? Shata ba ɗan Daura ba ne. A Musawa aka haife shi, a shekarar 1923 kamar yadda masu tarihinsa suka rubuta. Ya zauna a Bakori, ya zauna a Kano, kuma Funtuwa ce ta zama gidansa. Amma da Allah Ya karɓi ransa a Kano ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, Daura aka kawo shi aka binne, garin ubangidansa Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Waƙoƙin da ya yi wa wannan sarki suna cikin waɗanda aka fi saninsa da su. Saboda haka a garin nan akwai mutanen da suka ga Shata ido da ido sau da dama, suka tsaya cikin taro yana waƙa, suka san masaukinsa in ya zo, wasu ma suka halarci jana'izarsa. Mu kuwa da yawanmu a wannan zaure an haife mu ne dab da rasuwarsa ko bayanta. Abin da muka sani game da shi sauti ne a waya. Su kuwa mutum suka sani.

Wani zai ce ai waƙoƙin suna nan, duk mai so ya sauke ya saurara, me kuma ake nema a wurin tsoho? Mai wannan magana bai lura da yadda waƙar Shata take ba. Shata ba ya rubuta waƙa ya haddace. Makaɗan kalangu su ɗauki kiɗa, 'yan amshi su riƙe gajeren amshi suna maimaitawa, shi kuma ya yi ta jefa ɗiyan waƙa gwargwadon abin da ke gabansa a wannan lokaci: wanda ya shigo fili, wanda ya yi kyauta, garin da ya kwana jiya, mutumin da ya ɓata masa rai a hanya. Shi ya sa waƙa ɗaya takan fito da fuskoki da yawa. Bakandamiyarsa kanta, wadda ya yi wa kansa kirari a ciki, ba sau ɗaya ya rera ta ba, kuma wadda aka ɗauka a wani taro ba daidai take da wadda aka ɗauka a wani ba.

Waƙar da aka gina haka cike take da sunaye: sarakuna, hakimai, attajirai, direbobi, dillalai, mata masu sana'a, ƙauyuka, tashoshin mota, dazuzzuka. Na'ura ta adana sunan, amma ba ta adana ko wane ne mai sunan ba. Ɗan a-mutu shi ne ya san wannan. Kunna masa waƙa, kafin a yi minti biyu zai ɗaga hannu ya ce a tsaya. Zai gaya maka wanda aka ambata ɗin nan fataucin goro yake yi, ga garinsu, ga dalilin da ya sa aka sa shi a waƙar. Zai gaya maka wannan ɗauka ta gidan rediyo ce, waccan ta wurin biki ce, don ga muryar sanƙira ta fi yawa. Zai gaya maka wata kalma da ka ɗauka sunan mutum ce ashe sunan wata irin mota ce da aka daina yayinta. Ilimi ne da ya tara cikin shekara arba'in ko hamsin na sauraro, ba da niyyar bincike ba, don so kawai. In ya tafi, waƙar za ta rage, amma rabin ma'anarta ya bi shi kabari.

Kuma tafiyar ake yi. Wanda yake ɗan shekara 20 a 1970 yau ya haura 70. A kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu, kuma ba a cika jin an ce wane ya bar rubutu ba. Abin da yakan bari shi ne kwali ko tsohuwar akwati cike da kaset, wani lokaci da faifan garmaho biyu ko uku. Magada ba su da rikoda, ba su san darajar abin ba, sai a tura shi ƙarƙashin gado ko a bar wa yara su zare zaren suna wasa. Ko da an adana, kaset ba ya jure zama. Zare ne siriri mai maganaɗisu, zafin bazara yana lanƙwasa shi, ƙurar hunturu tana shiga cikinsa, danshin damina yana sa shi ya manne ko ya yi fumfuna. Wata ɗauka da wani ya yi da rikodarsa a wurin wani biki shekara arba'in da suka wuce wataƙila ita kaɗai ce a duniya, kuma tana cikin irin wannan kwali.

Waɗanda suka tsira suka shiga waya ma ba su tsira duka ba. Je wurin masu tura waƙoƙi a memori ka ce a zuba maka Shata. Za ka samu Shata 1, Shata 2, Shata 3, babu sunan wanda aka yi wa waƙar, babu shekara, babu wuri. Wata an yanke farkonta, wata an laƙaba mata sunan da ba nata ba, wata ma ta wani mawaƙin ce daban aka cusa a ciki. A TikTok kuwa daƙiƙa talatin ake gutsurowa daga waƙar minti ashirin a ɗora a kan hoton da bai shafe ta ba. Yaron da ya taso da wannan zai san muryar, amma ba zai san komai game da duniyar da ta haifi muryar ba. Mutum ɗaya ne zai iya zama ya gyara waɗannan sunaye da ka, shi ne dai dattijon da ake tsokana.

Irin wannan soyayya ba a kanmu aka fara ta ba, kuma yana da kyau mu ga abin da wasu al'ummu suka yi da tasu. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka ɗauki ƙungiyar mawaƙa ɗaya tun suna 'yan makaranta suka riƙe har tsufa. Ƙungiyar Air Supply, masu waƙoƙin soyayya da kiɗa mai taushi, an kafa ta ne a Ostireliya a 1975, kuma har yau akwai masu bin ta daga gari zuwa gari da jikokinsu a hannu. Gidan Elvis Presley da ke Memphis, wanda ya rasu a 1977, an buɗe shi ga masu ziyara tun 1982, kuma duk watan Agusta masoyansa sukan taru a can. A Masar, Ummu Kulsum ta rasu a 1975, amma akwai gidan tarihi na musamman da aka keɓe mata a Alƙahira.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne na wata ƙungiyar Amurka mai suna Grateful Dead, wadda ta yi aiki daga 1965 zuwa 1995. Su ma, kamar Shata, ba sa rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Sai masoyansu suka riƙa zuwa wurin wasa da rikoda suna ɗauka, ƙungiyar kuma ta ƙyale su. Abin lura shi ne ba ɗauka kawai suka yi ba. A jikin kowane kaset sukan rubuta rana, gari, zauren da aka yi wasan, da jerin waƙoƙin da aka rera. Suka yi ta musaya a tsakaninsu. Yau dubban waɗannan ɗauke-ɗauke suna ajiye a intanet, kowanne da tarihinsa, kuma masu bincike a jami'o'i da su suke aiki. Masoyan Shata ba su gaza waɗancan a so ba, ba su gaza su a ƙwaƙwalwa ba. Bambancin kawai shi ne waɗancan sun haɗa so da biro. Namu sun riƙe komai a ka, kuma kai ba ya dawwama. Biron da ya ɓace a lissafin nan, mu ne ya kamata mu kawo shi.

Ba mu ce ba a yi komai ba. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe yana tattara tarihin makaɗan Hausa da matanin waƙoƙinsu. A 2006 Ibrahim Sheme, tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami, suka fitar da Shata Ikon Allah!, littafi mai kauri a kan rayuwarsa. Shi Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ma fagen karatunsa kimiyyar ƙasa ce, ba adabi ba, amma sha'awar Shata ta sa ya yi shekaru yana bin garuruwa yana neman mutanen da aka yi wa waƙa da iyalansu, har ya sake fitar da Mahadi Mai Dogon Zamani. Wannan shi ne abin da so yake zama in ya samu haƙuri da takarda. Duk wanda zai shiga wannan aiki a cikinmu, ya fara da karanta waɗannan littattafai, don kada ya wahalar da dattijo da tambayar abin da aka riga aka buga.

To in an yi duk wannan, me ya rage mana? Abin da ya rage shi ne mai sauraro. Yawancin abin da aka rubuta a kan mawaƙin ne: haihuwarsa, tafiye-tafiyensa, iyayen gidansa, salon waƙarsa. Labarin wanda ya yi shekara hamsin yana saurare bai samu marubuci ba tukuna. Me ya sa saurayin da ya tashi a Daura ya tara kuɗin aikin gona ya sayi rediyo? Ina ake taruwa a saurari gidan rediyon Kaduna a lokacin da rediyo ɗaya ce a unguwa? Wace waƙa direban da ke bin hanyar Daura zuwa Kano yake sakawa in barci ya fara fizgarsa? Wace ce mutum yake gudun ji saboda tana tuna masa da abokin da ya rasu? Yaya mutanen ƙauye suka ji labarin saukar ɗan Adam a kan wata a 1969, in ba ta bakin mawaƙin da ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa ba? Amsoshin waɗannan tambayoyi tarihin talakan ƙasar Hausa ne, irin tarihin da ba ya shiga kundin sarauta. Kuma ga mai rubuta ƙagaggen labari, ga taurari nan a zaune sun gama ginuwa, suna jiran wanda zai saurare su.

Sai dai akwai rami a hanyar nan, kuma dole mu nuna shi. Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Ɗan a-mutu ya san abubuwa da yawa, amma ba duk abin da ya faɗa ne ya faru ba. Zauna da masoyan Shata na awa ɗaya za ka ji an ce yana da aljanu masu ba shi waƙa. Za ka ji an ce duk wanda ya yi wa zambo sai ya tsiyace ko ya haukace. Za ka ji an faɗi adadin waƙoƙinsa da ƙarfin gwiwa, wannan ya ce dubu kaza, wancan ya ninka, alhali masu tarihinsa sun ruwaito cewa shi kansa yakan ce bai san yawansu ba. Za ka ji mutum ya rantse yana wurin da aka fara wata waƙa, in ka lissafa shekarunsa ka ga lokacin yana goye. Ba ƙarya yake yi da gangan ba. Labarin da aka maimaita sau ɗari yakan koma kamar abin da ido ya gani.

A nan ne marubuci yake rabuwa da maroƙi. In muka kwashe duk abin da aka faɗa mana muka zuba a takarda a matsayin gaskiya, mun cuci na baya, domin abin da aka buga ya fi abin da aka faɗa a majalisa nauyi, kuma gyara shi ya fi wuya. In kuma muka watsar da labarin aljanu muka ce shirme ne, mun yi asarar wani abu, domin yadda mutane suke ba da labarin gwaninsu shi ma tarihi ne. Hanyar da ta dace ita ce mu rubuta kowane abu da sunansa. Abin da dattijo ya gani da idonsa, mu ce ya gani. Abin da aka gaya masa, mu ce an gaya masa, mu tambaye shi wa ya gaya masa. Abin da yake yawo a bakin jama'a ba a san tushensa ba, mu ce haka ake faɗa. Kalmomi uku ne, "na gani", "an gaya mini", "ana cewa", amma su ne suke raba littafin da za a dogara da shi da wanda za a yi wa dariya bayan shekara goma.

Amanar ta haɗa da abin da masoyi ba ya son a taɓo. Shata mutum ne. Ya yi waƙoƙin yabon Annabi (SAW) da na gargaɗi da na wayar da kai, ya kuma yi na shaye-shaye da na zambo mai zafi. Ya shiga siyasa, ya yi masoya, ya yi maƙiya. Wani ɗan a-mutun zai so ka tsallake wannan ɓangare, wani kuma shi kaɗai yake son bayarwa. Marubuci ba ya wanke gwani, ba ya kuma tona asiri don neman masu karatu. A tuna cewa waɗanda aka yi wa zambo suna da 'ya'ya da jikoki a raye, wasu maƙwabtanmu ne. Ana iya bayyana cewa an yi waƙa, a faɗi yanayin da aka yi ta, ba tare da an sake buɗe wa wani gida tsohon ciwo ba. In sunan bai ƙara wa mai karatu komai ba sai abin gulma, a bar shi.

Mun san akwai 'yan uwa a wannan zaure da za su ce kiɗa abu ne da malamai suka yi magana a kansa, bai kamata a ɓata tawada a kai ba. Muna girmama wannan matsayi, kuma ba mu zo yin fatawa ba, don ba fagenmu ba ne. Abin da muke cewa shi ne rubuta tarihin abin da ya faru daban, kira zuwa gare shi daban. Mutanen nan sun rayu, sun saurara, abin ya shiga harshensu da tunaninsu. Wanda bai yarda da kiɗa ba ma yana bukatar ya san al'ummar da yake yi wa wa'azi. Kuma shi kansa wannan saɓani abin rubutawa ne: akwai dattawan da suka ajiye kaset ɗinsu bayan sun dawo daga Hajji, akwai waɗanda suka rage sai waƙoƙin gargaɗi, akwai waɗanda ba su ga dalilin barin komai ba. Yadda kowannensu ya sasanta tsakanin zuciyarsa da abin da ya ji a wurin karatu labari ne mai zurfi da ya fi yawancin abin da muke ƙirƙira.

Wasu kuma za su ce me ya sa kullum Shata, ba ga mawaƙan zamaninmu ba? Gaskiya ne, kuma wanda yake son rubuta masoyan mawaƙan yau ya rubuta. Amma su suna da lokaci, waƙoƙinsu suna da kwanan wata a intanet, masoyansu matasa ne. Gaggawar tana wurin tsofaffi. Kuma ba Shata kaɗai ba. Akwai 'yan a-mutun Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da na Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. A cikin gidaje akwai iyayenmu mata da suka haddace waƙoƙin Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, suka san wace aka yi a wane irin biki. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna aika katin gaisuwa zuwa shirye-shiryen zaɓe na gidajen rediyo, har sunayensu suka zama sanannu a garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Wannan fage na 'yan uwanmu marubuta mata ne musamman, domin akwai ɗakin da namiji ba zai shiga ba, kuma akwai hirar da tsohuwa ba za ta yi da shi ba.

Yaya za a fara? Ba a bukatar tallafi daga kowa. Waɗanda suka yi difloma a cikinmu sun san yadda ake fita da takardar tambayoyi lokacin furojet. Wannan ya fi shi sauƙi, ya kuma fi shi amfani, sai dai ba a yin sa da gaggawa. A zaɓi mutum ɗaya, wanda aka sani ko wanda wani babba zai gabatar. A je a gaishe shi yadda ya kamata, a faɗa masa abin da ake so da abin da za a yi da shi, a nemi izininsa kafin a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya. Kada a fara da "Baba, ba mu tarihin Shata", don zai ba ka abin da kowa ya sani. A fara da shi kansa: "Baba, a ina ka fara jin muryarsa? Kana sana'ar me a lokacin? Wa ke da rediyon?" Sannan a kunna waƙa ɗaya, a bar shi ya tsayar da ita duk inda ya ga dama.

Bayan an dawo gida a rubuta hirar da kalmominsa, kada a mayar da ita Hausar jarida. In ya yi Dauranci a bar masa Daurancinsa. A sa rana da wurin da aka yi hirar. Duk wata magana mai nauyi, kamar shekara ko sunan wanda ya yi kyauta, a nemi mutum na biyu da bai ji amsar na farko ba, a kuma duba littattafan da muka ambata. In yana da kaset, kada a karɓe a tafi da shi. A ɗauki hoton abin da aka rubuta a jikinsa, a nemi mai rikoda mai kyau a juye sautin a gabansa, a mayar masa da kayansa, a ba shi kwafi a memori da sunayen da shi ya faɗa. In an gama rubutun a koma a karanta masa kafin a saki. Sau da yawa a wannan zama na biyu ne zai tuna abin da ya fi komai daraja.

Ribar da marubuci zai samu a nan ta wuce maƙala ɗaya. Da yawanmu muna kukan Hausarmu ta yi ƙaranci, muna rubuta jimla da Hausa amma ƙashinta na Turanci ne. Maganin wannan ba ya cikin ƙamus kaɗai. Awa biyu a shagon tela ɗan shekara 70 yana warware maka waƙa zai ba ka kalmomin fatauci, na sarauta, na noma da na tuƙi waɗanda ba za ka tsinta a waya ba, kuma za ka ji yadda ake jera su. Sannan akwai darasin da ya fi wannan. Zamaninmu na tsalle ne: yau muna rubuta labarin soyayya, gobe mun koma na aljanu saboda shi ake yayi, jibi mun bar rubutun gaba ɗaya don ba a danna mana alamar so ba. Ga mutum ya tsaya a kan abu ɗaya shekara hamsin, ba a biyansa, ba a yaba masa, har ya san shi ciki da bai. Duk littafin kirki da irin wannan naci ake rubuta shi.

Saboda haka ga shawararmu ga wannan zaure. Kowa ya nemo dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya a unguwarsu kafin ƙarshen wata, ya kawo mana shafi uku ko huɗu. In mutum ashirin suka yi haka daga Daura, Zango, Baure, Sandamu da Mai'aduwa, mun samu abin da za a tace a haɗa ya zama littafi, kuma littafin da babu irinsa a kasuwa. Waɗanda suke Katsina, Funtuwa, Kano ko Maraɗi su ma ƙofa a buɗe take, don muryar ta kai can tun kafin a haife mu. Kada a ce sai bayan Sallah, ko sai an gama jarrabawa. Mutanen da muke magana a kansu ba su da tabbacin wata Sallar, mu ma haka.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da za su faɗa mana. Wanda ya riga ya san dattijon da zai fara da shi, ya sanar da mu unguwa ko garin kawai, don kada mutum biyu su je wuri ɗaya.